Ƙaramin "d" a Wutsiyar Suna

Akwai wani saƙo da Windows kan jefo wa mutum idan ya danna manhajar da aka turo masa ta ƙi buɗewa. Wani ɗan akwati ne ke fitowa tsakiyar fuskar kwamfuta, yana cewa ba a sami MSVCP140D.dll ba, a sake girka manhajar ko za a dace. Mutum ya sake girkawa, shiru. Ya kai wa mai gyara, mai gyara ya sauko da ƙunshin Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft, wanda galibi shi ne maganin irin wannan ciwo, ya girka, ya kashe kwamfutar ya kunna, saƙon na nan daram. Abin da ya hana ruwa gudu harafi ɗaya ne da ido ke tsallakewa: D ɗin nan da ke maƙale bayan 140, kafin ɗigo.

Fayil ɗin da ƙunshin ke kawowa sunansa msvcp140.dll. Mai D ɗin ɗan'uwansa ne, amma ba a raba shi ga jama'a. Yana zuwa ne tare da Visual Studio, kayan aikin masu rubuta manhaja, kuma a can an ajiye shi cikin wata folda da aka sa wa suna debug_nonredist, don kowa ya san lasisi bai yarda a fita da shi ba. Saboda haka duk wanda ya ga wannan saƙo, kwamfutarsa lafiya lau take. Wanda ya rubuta manhajar ne ya turo masa ginin da yake gwaji da shi. A tasa kwamfutar komai na tafiya sumul tunda yana da Visual Studio, bai san ya aika wa mutane abin da ba zai tashi a wajensu ba. Ba wuya hakan ta faru, don sabon aiki a Visual Studio a kan Debug yake farawa, sai mutum ya sauya da hannunsa. Maganin shi ne a koma wurinsa a ce ya turo na Release. Shafukan nan da ke raba fayilolin dll ɗai-ɗai kyauta kuwa, a nisance su, ba a san abin da aka cusa a ciki ba.

Kusan kowace manhaja gini biyu ake yi mata daga rubutu ɗaya. Na farko shi ne na dibog, wanda mai rubutu ke amfani da shi wajen farautar kura-kurai. A cikinsa kompaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun ya zama gini, ba ta taɓa tsarin rubutun don neman sauri, tana barin kowane layi a inda yake, ta yadda za a iya tsayar da manhajar a bi ta taki-taki ana leƙa abin da ke cikin kowane ma'aji. Ana kuma barin masu gadi a ko'ina, irin su assert, wanda tun ƙa'idar harshen C ta 1989 yake tsayar da aiki nan take idan wani sharaɗi ya karye. Na biyu shi ne na rilis, wanda ke zuwa hannun jama'a: an kori masu gadin da alamar NDEBUG, kompaila ta murɗa rubutun yadda ta ga dama don ya yi gudu, fayil ya ƙanƙance. Laburare, wato tarin aikin da wani ya riga ya rubuta don wasu su ɗora nasu a kai, shi ma haka ake gina shi biyu. A nan ne maganar suna ke tasowa, don abu biyu ne da suka fito daga ciki ɗaya, suna aiki ɗaya, amma ba a so a musanya su.

Idan bambancin sauri ne kawai, da ba wanda zai damu da suna. A Windows, musamman a harshen C++, abin ya wuce nan. Ɗauki std::vector, ma'ajin jerin abubuwa da kusan kowace manhajar C++ ke amfani da shi. A kompailar Microsoft mai bit 64, girmansa bayit 24 ne a ginin rilis, amma 32 a ginin dibog, saboda an ƙara masa wani ɗan manuni da ke sa ido kan masu yawo cikinsa. Haka std::string, 32 a rilis, 40 a dibog. Yanzu a ce manhajarka ta dibog ta miƙa wa laburaren rilis sunan wani fayil. Kai ka shirya bayit 40, shi yana karanta 32, kuma daga wurin da ba nan ka fara zuba haruffan ba. Kamar mai saye da mai sayarwa ne su yi ciniki a kan mudu goma, kowa da girman mudun da ke ransa. Ba wanda ya yi ƙarya, amma rigima na nan tafe wajen awo. Masu koyon OpenCV, laburaren sarrafa hotuna, sun san wannan sarai. Mutum ya kira imread ya ba shi sunan hoton da ga shi nan a folda, ya dawo masa da hannu wofi ko manhajar ta faɗi gaba ɗaya, ya kwana yana duba ko ya rubuta hanyar fayil ɗin daidai. Ashe opencv_world480.lib ya haɗa a inda ake son opencv_world480d.lib.

Rabon ma'adana ma haka. Mai rabon dibog idan ka roƙe shi wuri, yakan ba ka da ƙari: ya ɗora bayani a gaba, ya kewaye wurin da bayit huɗu-huɗu masu lamba 0xFD don a gane idan ka tsallake iyaka, ya cika cikinsa da 0xCD alamar sabo ne ba a rubuta komai ba, idan ka mayar kuma ya shafe shi da 0xDD. Wurin da mai rabon rilis ya bayar ba shi da waɗannan. In aka miƙa shi ga mai rabon dibog ya karɓa, zai nemi bayanin da ba a taɓa rubutawa ba, ya yi ihu ya tsayar da komai. Wani abin dariya a gefe: ma'ajin wucin gadi da ba a sa masa komai ba, ginin dibog kan cika shi da 0xCC, kuma a tsarin haruffan GBK na Sin, CC biyu a jere harafi ne mai nufin abu mai ƙuna. Shi ya sa ɗaliban kwamfuta a Sin suka saba ganin manhajarsu ta cika fuska da "zafi, zafi, zafi" duk lokacin da suka manta rufe jimla, har abin ya zama abin barkwanci a tsakaninsu.

To ga dalilin d. Windows da suna yake neman dll. Zai duba foldar da manhajar take, ya duba foldojinsa na tsari, ya bi hanyoyin da aka jera masa a PATH, wanda ya fara cin karo da shi mai wannan suna shi zai ɗauka, ba ruwansa da yadda aka gina shi. Idan gini biyu suna amsa suna ɗaya, sa'a ce kawai za ta raba su. Da aka ƙara harafi ɗaya, sai kuskuren da zai ɓuya ya riƙa kayar da manhaja jefi-jefi ya koma kuskuren da ke fitowa fili tun a bakin ƙofa: ba a sami wane ba. Wannan saƙo mai ban haushi, a ganina, alheri ne. Daga Visual Studio 2010 kuma linka, mai haɗa sassan manhaja wuri ɗaya, ita kanta ta fara kama wani ɓangare na irin wannan gauraye a laburaren da ake narkarwa cikin manhaja, tana ƙin haɗawa da lambar LNK2038, tana cewa _ITERATOR_DEBUG_LEVEL na wannan 0 ne na wancan kuma 2. Sai dai ba ta iya leƙa cikin dll, don haka a can suna ne kaɗai mai tsaro.

Al'adar ta tsufa. Tun shekarun 1990 akwai msvcrt.dll da msvcrtd.dll, akwai mfc42.dll da mfc42d.dll, har da mfc42ud.dll inda u ke nufin Unicode. Zamanin nan ne da sunan fayil a DOS ba ya wuce harafi takwas kafin ɗigo da uku bayansa, don haka ba wurin rubuta kalma sukutum. Harafi ɗaya aka samu aka liƙa. An daɗe da cire wannan iyaka, amma d ɗin ya zauna: vcruntime140d.dll, ucrtbased.dll, libpng16d.dll, zlibd.dll, SDL2d.dll.

Kuma a nan nake da ƙorafi. Harafi tsirara da aka manna wa suna ba tare da tsaga ba yana narkewa cikin sunan. Laburaren zane na Qt sunansa Qt5Gui.dll, na dibog ya zama Qt5Guid.dll, wanda duk mai shirye-shiryen Windows zai fara karanta shi a matsayin GUID, wani abu daban can. Sannan akwai laburaren da d ɗinsu na haihuwa ne, kamar zstd na matse bayanai, wanda in an bi al'ada sai a rubuta zstdd, mutum ya riƙa ƙirga haruffa da yatsa. Wanda ya taso a Linux kuwa, d a ƙarshen suna wata ma'ana take ba shi: sshd, httpd, crond, systemd, duk manhajoji ne masu aiki a ɓoye suna jiran a kira su, ba su da alaƙa da dibog ko kaɗan. Waɗanda suka sa tsaga sun fi tausayin ido. Python na rubuta python_d.exe da python311_d.dll. SFML na rubuta sfml-graphics-d-2.dll, kuma idan na narkarwa ne sfml-graphics-s-d.lib. A macOS, Qt ɗin dai ya zaɓi kalma cikakkiya, _debug, kuma mai loda laburare na tsarin yana da wani saiti, DYLD_IMAGE_SUFFIX, da za ka ce masa ya fifita masu wannan wutsiya in ya same su. Harafi biyu ko shida da aka ƙara ba su rage wa kowa komai ba.

Wanda ya kai abin maƙura shi ne Boost. Duba wannan suna: libboost_regex-vc143-mt-gd-x64-1_84.lib. Farkon ganinsa mutum zai ce wannan ai wahalar da kai ne. Amma a bi shi a hankali. Lib na farko, a Windows, yana nufin na narkarwa ne cikin manhaja, ba dll ba. Vc143 kompailar Visual Studio 2022 ce. Mt na cewa ya iya aiki da zare da yawa a lokaci guda. X64 nau'in na'ura, 1_84 kuma fitowar Boost ɗin. Tsakiyar ce ta fi jan hankalina, gd, don Boost ya raba abin da kowa ke dunƙulewa: g na nufin an jingina shi da laburaren tushe na dibog, irin su MSVCP140D.dll ɗin nan, d kuma na nufin shi kansa an gina shi ba tare da murɗawar sauri ba, da bayanan bin sawu. Abu biyu ne daban. Na farkon ne ke fasa manhaja idan an gauraya, na biyun jinkiri kawai yake kawowa. Akwai ma s ga wanda ya narkar da laburaren tushen, da y ga wanda aka gina da Python na dibog. Kuma ba a bar wa mutum ya haddace ba: a kompailar Microsoft, fayilolin kai na Boost su ke harhaɗa sunan da ya dace da saitinka su miƙa wa linka. In babu mai wannan suna a faifanka, za ta faɗa maka sunan da take nema harafi da harafi, daga nan ka san abin da ya rage ka gina. Sunan ba kyan gani, amma ban san wani da ya fi shi faɗin gaskiya ba.

A Linux labarin ya sha bamban, har mutum ya yi shekaru yana aiki bai ga d ɗin nan ba. Boost ɗin da ke da wancan dogon suna, a can libboost_regex.so.1.84.0 ne kawai. Dalili shi ne laburaren tushe, glibc, ɗaya ne ga kowa, babu na gwaji daban da ake jingina da shi. Sannan a GCC, -g mai sa bayanan bin sawu da -O2 mai sa sauri ba kishiyoyi ba ne, ana haɗa su a gini ɗaya, kuma ba wanda ke sauya girman vector a cikinsu. Abin da masu rarraba Linux ke yi shi ne su gina sau ɗaya, su zare bayanan bin sawun su zuba a ƙunshi na daban. Debian ta daɗe tana da masu wutsiyar -dbg da ake haɗawa da hannu, daga ƙarshen 2015 ta koma -dbgsym da ke fitowa da kansu. Fedora na da -debuginfo da -debugsource. Abin da ke haɗa laburare da bayanansa kuma ba suna ba ne, wata doguwar lamba ce, build-id, da ake ƙirƙira daga abin da ke cikin ginin, a ajiye bayanan a ƙarƙashin /usr/lib/debug/.build-id. Daga 2019 ma aka samu debuginfod, inda gdb, manhajar farautar kura-kurai, ke miƙa lambar ta intanet a turo masa bayanan da suka dace. Na'ura ta huta da dogaro da abin da ɗan Adam ya ga damar kiran fayil.

Ba wai Linux ba shi da yanayin gadi mai tsanani ba. Wanda ya kunna _GLIBCXX_DEBUG, vector ɗinsa zai sauya girma kamar na Windows. Sai dai masu GCC sun kai alamar ciki: vector ɗin yakan koma ƙarƙashin wani suna, std::__debug, ta yadda galibi linka za ta kasa haɗa shi da aikin da ke jiran na yau da kullum. Wannan ma d ne, an dai ɓoye shi ne inda linka kaɗai ke gani.

Python ya ɗanɗana duka biyun. A Unix, kafin fitowar 3.8 a Oktoban 2019, ƙarin da aka gina wa Python na yau da kullum ba ya shiga na dibog, sai an sake gina komai; daga 3.8 aka daidaita su. A Windows kuwa bangon na nan, ƙari sai ya ƙare da _d.pyd kafin python_d.exe ya karɓe shi. Fayilolin kai na Python kuma, da zarar sun ga alamar _DEBUG, sai su nemi laburare mai _d, wanda yawancin mutane ba su sauko da shi ba wajen girkawa. Shi ya sa za ka ga wata dabara ta yawaita a rubuce-rubucen mutane: su kashe _DEBUG layi ɗaya kafin su kira Python.h, su mayar da shi layi ɗaya bayansa. Wayo ne na rashin yadda za a yi, amma ya shiga manyan ayyuka ya zauna.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, a bar suna ɗaya a raba folda. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Cargo na harshen Rust haka yake yi, target/debug da target/release, sunan fayil bai sauya ba. Visual Studio kansa foldar Debug da ta Release yake buɗewa. Vcpkg na zuba na rilis a lib, na dibog a debug/lib. Amfaninsa shi ne rubutun gini bai buƙatar sanin wutsiyar kowane laburare, wannan d, wancan -d, wancan _d, wancan -gd. Hanya kawai ake sauyawa. Wannan na tafiya daidai muddin kayan aiki ɗaya ke riƙe da komai daga farko har ƙarshe, kamar yadda Cargo ke sake gina duk abin da aikinka ya dogara da shi. Amma dll ba ya zama a foldarsa. Dole a kwafe shi a kai shi kusa da manhaja, a sa shi a zif, a tura wa abokin aiki, a ɗora a filasha. Da ya bar gida, shaidar folda ta ɓace, sai dai a yi ta kallon girman fayil ana hasashe. Suna kuwa duk inda fayil ya je da shi yake tafiya.

Wani abu da na lura da shi: wanda ake yi wa alama shi ne wanda ake ɗauka baƙo. A C++ na rilis ne ɗan gida, na dibog ke ɗaukar wutsiya. A shafukan intanet an juya: jquery.js shi ne wanda mutum ke iya karantawa, wanda aka matse don jama'a shi ke ɗaukar alama, jquery.min.js. FFmpeg idan ka gina shi za ka sami ffmpeg da ffmpeg_g, na biyun shi ne wanda ba a zare wa bayanan bin sawu ba. Android bai yarda da zato ba, kowa da sunansa: app-debug.apk da app-release.apk. A can har sa hannu ya bambanta, don na dibog ana sa masa hannu da mabuɗin da kalmar sirrinsa "android" ce, sananniya ga kowa, shi ya sa Google Play ba ya karɓarsa. Masu wayo kan ƙara .debug a ƙarshen lambar shaidar manhajar don na gwaji da na gaske su zauna a waya ɗaya ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba.

Duk da haka rabon biyu bai ƙare zancen ba. CMake nau'i huɗu ya sani: Debug, Release, RelWithDebInfo da MinSizeRel. Na ukun, mai sauri kuma mai bayanan bin sawu, shi ne ke tona wanda bai fahimci aikin d ba, don wasu kan liƙa masa wutsiyar saboda sun ga dibog a sunansa. Alhali da laburaren tushe na rilis yake jingina, mudunsa ɗaya da na rilis, za a iya musanya su lafiya. Sa masa d yaudara ce, zai ja wani ya haɗa shi da manhajar dibog ya faɗa ramin da aka ƙirƙiri harafin don kauce masa. Abin da ya cancanci shiga suna shi ne abin da ke fashewa idan an gauraya. Bayanan bin sawu suna da nasu mazauni, pdb a Windows, dSYM a macOS.

Ga wanda ke shirin fitar da laburarensa na C++ ga mutane, aikin layi ɗaya ne a CMake, CMAKE_DEBUG_POSTFIX, kuma a wofi yake zuwa, in ba ka cika shi ba gini biyun suna ɗaya za su fito da shi, na baya ya danne na farko wajen girkawa. Ka zaɓi -d ko _d, ka rubuta a takardar bayanin aikin abin da yake nufi, kuma ka yi haka kafin fitowa ta farko. Ranar da mutane suka fara rubuta sunan fayil ɗinka a rubutun gininsu, sauya shi ya zama fasa musu aiki.